Ranar da Yari Ya Shiga Rijiya Bai Yi Waƙa Ba

Kakana na wajen uwa, Yari, mai yasar rijiya ne, amma ni ban taɓa ganin ƙafarsa a bakin rijiya ba. Na buɗi ido na tarar da shi a zauren gidanmu na Illela, da tarin kaba a gefensa, yana tufkar igiya tun hantsi har la'asar. Dogo ne mai faɗin ƙirji, irin mutanen da in sun tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Magana ce kawai ba shi da ita. In ka gaishe shi sai ya ɗaga kai ya dube ka, ya ja numfashi, ya tafi neman amsa can wani wuri mai nisa, kafin ya dawo da "lahiya lau" har ka manta ka yi gaisuwa. Mu jikoki mun ɗauka haka Allah Ya yi shi.

Matarsa kuwa, kakarmu Ruƙayyatu, ita ke yin maganar mutum biyu. Wata rana ina tsokanarta, irin ta jika da kaka, na ce, "Kaka, wanga mijin naki mi kig gani gare shi? Ko hira bai iya ba. Ki rabu da shi ki dawo gare ni."

Ta ce, "Tahi can, miji da majina har baka. Wanga da kaka gani, da bakinai yas same ni. Lokacinai Illela duk babu mai surutu awa shi. In shina waƙa cikin rijiya, mata har barin daka sukai."

Na yi ta dariya don na ɗauka ba'a take yi. Ita ba ta yi ba. Tun daga ranar ta fara ba ni labarinsa guntu-guntu, yau kaɗan tana kaɗi, gobe kaɗan tana tankaɗe, har na girma na harhaɗa shi. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewar muryar tsohuwar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Yari ya tasa ne a shekarun da Nasara suka ci Sakkwato. Yana saurayi aka ce an raba ƙasa, Illela ta Ingilishi ce, Ƙwanni ta Faransi, alhali kuwa mutum na iya karyawa a nan ya je can ya yi sallar azahar. Mutane ba su daina zuwa suna da biki ba, amma aikin tilas ya yi wa na can yawa, sai wasu suka riƙa sulalowa da iyalinsu da 'yan awakinsu suna kafa bukkoki a gefen gari. Ga fatake kuma da jakunansu, kowa da ƙishirwarsa. Masu sha suka yi yawa, rijiyoyi kuwa na kaka da kakanni ne. Da bazara ta kama sai ka ga guga ya fito rabi ruwa rabi laka, daga nan sai a aika a kira Yari.

Yasa aiki ne na mutum biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Na ƙasa zai ɗaura igiya a ƙugu, ya bi 'yan ramukan da aka sassara a jikin rijiya yana takawa har ya isa gindi, ya riƙa kwasar laka da ruɓaɓɓen ganye da duk tarkacen da shekaru suka zuba, yana cika kwando. Na sama ya ja kwandon da wata igiyar dabam, ya zubar, ya mayar. Na saman Yari shi ne Dabo, ɗan ƙanwar ubansa, taubashinsa. Dabo gajere ne mai ƙarfin tsiya, ba ya iya buɗe baki bai zagi Yari ba, ba ya kuma iya cin tuwo in Yari ba ya wurin.

Abin tsoro a wannan aiki ba zamewa ba ne, ba kuma maciji ba. Gindin tsohuwar rijiya yakan tara wata iska mai nauyi wadda ba ta riƙe rai. Ba a ganinta, sau da yawa ko wari ba ta yi. Mutum yana shaƙa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar kullum, amma duk a banza. Yari yakan ce wa matarsa, "Ba ta sallama. Sai ka ji jikinka ya yi daɗi, barci-barci, ka ce bari in ɗan jingina. Na ƙasa bai sanin ta kama shi, sai dai na bisa shi sani."

Dabara biyu gare su. Ta farko fitila: kafin Yari ya sa ƙafa, sai su kunna aci-bal-bal su sa ta cikin ƙwarya su zura. In wutar ta tsaya kyam, sai bismilla. In ta ƙanƙance ko ta mutu, sai su ɗaure tsohuwar tabarma a igiya su yi ta zura ta suna fizgowa, iskar sama tana shiga ta ƙasa tana fita, wani lokaci su shafe rabin yini a kan haka kafin su sake gwadawa. Amma fitila abin da ta tarar kawai take faɗa. Da an fara motsa laka, wata iskar kan taso daga cikinta, ita kuwa wannan sai dabara ta biyu.

Dabara ta biyu ita ce waƙa. Tun da Yari ya taka ramin farko har ya fito, bakinsa ba ya rufuwa, Dabo kuma yana amsawa daga sama. Muddin murya tana fitowa cike, lafiya lau. In kalma ta fara ja, ko ya maimaita baiti bai sani ba, ko ya yi wata dariya da ba ta da dalili, Dabo ba ya tambaya, igiyar ƙugu yake cafka ya ja. Wasu masu yasa salati suke yi a ƙasa, wasu su yi ta kiran sunan na sama. Shi Yari da yake Allah Ya yi shi shaƙiyyi, sai ya mai da abin tsokanar masu gida. Duk abin da hannunsa ya taɓa a cikin laka sai ya yi masa waƙa, ya kuma ƙaga masa labari.

"Mai gidan ga, mi kaka jehwawa ciki?
Ga ludayi, ga takalmi ƙahwa guda,
Ga wandon wani, ba na mai gida ba!"

Sai Dabo ya amsa, "Hito da shi mu gani!"

Ai kafin a jima bakin rijiya ya cika. Mata su leƙo ta kan danga suna rufe baki da gefen zane, tsofaffi su yi kamar alwala ta kawo su. Mai gida ya yi ta rantsuwa cewa wandon nasa ne, ana ƙara shewa. Muryar in ta fito daga ƙasa takan yi kauri ta yi amo, har a lungu na uku ana jinta. Ba wanda ya taɓa yin fushi na gaske, don duk wanda Yari bai zaga ba sai ya ga kamar an raina gidansa. Yanzu an cika gari da famfo da ƙarar babura, an huta da ja, na yarda, amma ban ga wanda ya taɓa barin aikinsa don ya saurari famfo ba.

A bakin wata rijiya a Amarawa Ruƙayyatu ta fara jin wannan murya, tana budurwa, kafin ma ta ga mai ita. Ta ce da ya fito, laka tun daga kai har ƙafa, haƙora kaɗai ke fari, ta ce a ranta wannan ko a kyauta ba ta so. Shekara ba ta zagayo ba aka kai ta ɗakinsa a Illela.

Daga ranar da ta shiga gidan nan tsoro ɗaya ne ya zauna mata a rai: wata rana rijiya za ta riƙe masa numfashi. Ba ta ɓoye ba. In ya dawo daga aiki, kafin ta ba shi ruwa, sai ta sa shi ya tsuguna ta ja leɓensa na ƙasa ta duba ciki, ta duba farcensa. In ta ga ja, ta sake shi. In ta ga ya yi duhu-duhu, to gobe ko sarki ne ya aiko ba inda za shi. Shi ne ma ya koya mata dubawar, da irin bayaninsa na ɗan garin fatake. Ya ce jini jaki ne, ƙirji kuma kasuwa. Jini yakan zo ƙirji ya ɗauki iska ya kai wa kai da hannu da ƙafa, ya kwaso wadda ta gaji ya dawo da ita a fitar. Ran da ya zo kasuwa ya tarar ba kaya, sai ya koma haka nan, fuska a murtuke, shi ne duhun da take gani.

Shekaru da yawa bayan haka, ina makaranta a Sakkwato, malaminmu ya zana huhu a allo ya ce jini yana ɗaukar oksijin daga nan ya rarraba wa jiki, in ya rasa shi yakan yi duhu, kuma ƙwaƙwalwa ce kan fara jigata. 'Yan aji suna ta rubutu, ni kuwa zauren gidanmu nake gani da tarin kaba. Ranar ban ci abincin rana ba.

Sau da yawa Ruƙayyatu ta roƙe shi ya bar yasa ya kama noma sosai, ga gona ubanta ya ce zai ba shi. Sai ya yi dariya ya ce, "In na bari, wa za ya shiga? Dabo? Wanga in yash shiga sai an yi yasarshi shi ma. Ke dai muddin kina jin muryata, ci gaba da dakanki." Haka ta koyi yin aiki da kunne ɗaya a waje. In rijiyar tana kusa, da waƙar take auna bugun taɓarya.

Mutum ɗaya ne a duniya Yari ba ya iya buɗe baki a gabansa, shi ne surukinsa, Malam Attahiru na Amarawa, uban Ruƙayyatu. Dattijo ne manomi, shi ke jan salla a unguwarsu, mai farin gemu da tafiya a hankali, ba a cika ganin haƙoransa ba. Kowa na jin kunyar suruki, amma ta Yari ta wuce misali. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya ratse ya durƙusa, kai a ƙasa, har tsohon ya wuce. An ce wata ranar kasuwa yana tsakiyar ba wa mahauta dariya aka ce ga Malam nan, sai ga ƙaton mutum yana neman ɓuya a bayan buhun gero. Dabo ya shekara yana yi masa tsiya a kan wannan.

Yari da Ruƙayyatu sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba. Da cikin fari ya tsufa, Ruƙayyatu ta koma gidan iyayenta a Amarawa kamar yadda aka saba, a can ta haifi mahaifiyata Lubabatu. Haihuwar ta faɗo a tsakiyar bazara, a shekarar da daminar baya ta yi rowa. Mai jego kuwa ruwa take ci, safe da yamma sai an cika ƙatuwar tukunya an tafasa mata na wanka. Rijiyar gidan Malam Attahiru, wadda ke bayan ɗakunan mata a gefen garka, ta koma ba da laka. Matan gidan suka shiga zuwa nesa da tuluna a ka, cikin rana mai ƙona tafin ƙafa, ba wadda ta yi ƙorafi.

Yari ya ga haka ranar suna. Ba wanda ya roƙe shi, ba kuma wanda zai iya. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da hantsi shi da Dabo, da igiyoyi da kwando, ya aika a gaya wa Malam cewa in an ba shi izini zai ɗan duba rijiya. Abin alheri ne, kowa ya ji daɗi. Ruƙayyatu tana ɗaki aka gaya mata, ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, amma ta ce ranta fari ƙal.

Suna cikin warware igiya sai ga Malam Attahiru ya zagayo da buzunsa. Ya yi musu sannu, ya shimfiɗa buzun dab da bakin rijiya, ya zauna. Yari ya durƙusa ya gaishe shi, gumi na tsattsafo masa tun bai fara aiki ba. Da ya miƙe ya matsa kusa da Dabo ya ce masa a kunne, "Yau babu waƙa."

Dabo ya ce, "Kai, mahaukaci. To mi zan saurara?"

"Kwando. In kwando na zuwa, ina lahiya."

"Ko salati ka yi mana."

"In ɗaga murya gaban Baba? Rufa min asiri."

Suka zura fitila. Wutar ba ta mutu ba, amma ta ƙanƙance ta yi laushi. Da a wani gida ne, da sun ɗauko tabarma sun yi ta fifita rijiyar har rana ta take. Dabo ya dubi Yari, Yari ya dubi tsohon da ke zaune cikin rana yana jira. A ganinsa, ya tsaya yana kaɗa tabarma kamar ya ce wa surukinsa rijiyarka ba ta da kyau ne, kuma ya bar dattijo yana gasuwa saboda shi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bismilla a zuci, ya sauka.

Ɗakin da Ruƙayyatu take jego danga ɗaya ce ta raba shi da rijiyar. Tana zaune da jaririya a cinya, tana jin gurzar igiya a kan itacen bakin rijiya, tana jin faɗuwar laka in Dabo ya juye kwando. Murya ce babu. Nan da nan ta gane dalili, don ta ji gyaran muryar ubanta a wajen. Ta ce da farko har murmushi ta yi, ta ji mijinta ya ƙara girma a idonta, mutum mai kunya da sanin ya kamata. Sai ta koma sauraron kwando, tunda shi kaɗai ya rage.

Kwando ya yi ta zuwa. Can sai tsakanin wani da wani ya fara nisa. Aka juye ɗaya, ta ji igiya ta koma, ta jira. Jaririya ta saki nono ta yi barci, ba a ja ba. Kaza ta shigo ta zagaya ɗakin ta fita, ba a ja ba.

A waje, Dabo yana tsugune da igiyar kwando a hannu. Daga baya ya ce ya ɗauka Yari ya tarar da wuri mai tauri ne yana ƙwaƙula. Ya leƙa, duhu kawai ya gani. Ya buɗe baki zai ƙwala kira, sai ya tuna ba wani kira da ya iya yi wa Yari wanda ba zagi a ciki, ya saci kallon Malam, ya rufe bakinsa. Shi kuwa Malam Attahiru bai taɓa zama a bakin yasa ba, ya ɗauka haka aikin yake. Maza biyu masu hankali suna zaune a kan rami, kowa yana ganin girman wani, mutum yana mutuwa a ƙarƙashinsu. Har yau in na tuna wannan wuri raina ɓaci yake yi, kuma na rasa wanda zan ɓata wa.

Ruƙayyatu ta ajiye jaririya a kan gado. Ba ta yi arba'in ba, ko ƙofar ɗaki ba a so ta daɗe a tsaye, amma ta fito ba mayafi ba takalmi. Uwarta ta ce, "Ke, ina za ki?" ta kai hannu ta riƙe ta, Ruƙayyatu ta fizge. Ba ta bi ta ƙofa ba, dangar ta ture ta keta. Ta wuce ta gaban ubanta kamar ba ta san shi ba, ta kifa ciki a kan itacen bakin rijiya, ta zura kai.

"Yari!"

Tun da aka ɗaura musu aure sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a bayan idonsa, balle a gaban mahaifinta. Rijiya ta dawo mata da muryarta, ba ta ƙara da komai ba.

"Yari! Dabo, ja shi! Ja shi, don Allah!"

Dabo ya saki igiyar kwando ya cafki ta ƙugu. Nauyin da ya ji ya gaya masa komai, don mai rai yakan taimaka da ƙafa, wannan kuwa kamar buhu. Malam Attahiru ya tashi da babbar rigarsa ya kama bayan igiyar, maƙwabta da suka ji ihu suka diro ta kan danga suka kama. Aka yi ta ja, jikinsa yana gurzar bango, har kansa ya bayyana a lanƙwashe.

Suka shimfiɗe shi a inuwar wata bishiya. Ruƙayyatu ta share masa laka daga hanci da baki da gefen zanenta, ta ja leɓensa ta duba. Ta ce baƙi ne kamar ɗinya, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ƙirjin nan mai faɗi yana kwance shiru. Ta fizgi faifai daga hannun wata mata ta shiga yi masa fifita a fuska, tana kore mutane su ba shi iska. Dabo ya hau danna masa ƙirji yana saki, yana juya shi, yana kuka yana zaginsa, yanzu kam ba ruwansa da wanda ke wurin. Malam yana durƙushe a wajen kansa yana addu'a yana tofa masa.

An ɗauki lokaci. Wasu har sun fara salati irin na an gama. Sai ƙirjin ya yi wani irin fizga, ya ja iska da ƙara mai ban tsoro, ya tsaya, ya sake ja. Ya yi amai. Ruƙayyatu ba ta daina fifita ba, tana yi tana duba leɓen, har ta ga baƙin yana sakewa, ja yana dawowa kaɗan-kaɗan. Sai a lokacin ta tuna kanta ba ɗankwali, ta ga ubanta, ta rufe fuska da faifan ta ruga ɗaki.

Aka yi ta barka, aka yi sadaka. Bayan kwana biyu Yari ya tashi zaune, ya sha kunu, ya gane kowa. Bayan mako ya taka da ƙafarsa. Ƙarfinsa ya dawo, cin tuwonsa ya dawo, sallarsa ba ta ɓace masa ba. Magana ce ta ƙi. Yana sane da abin da yake so ya faɗa, kana gani a idonsa, amma kafin kalma ɗaya ta iso bakinsa sai ya yi ta laluben ta. Aka yi rubutu aka sha, aka yi turare, wanzami ya yi ƙaho. Ruƙayyatu ta ce ita tun ranar ta san ba dawowa za ta yi ba, kai ya daɗe yana jiran abin da jini bai kawo masa ba.

Ita kuwa rijiyar, ashe saura kwando kaɗan ya rage. Dabo ya yi mata fifita yini guda, ya sa wani ya riƙe masa igiya, ya shiga ya ƙarasa, idon ruwa ya buɗe, ruwa ya taso garau. Wannan ce yasarsa ta ƙarshe. Ya sayi jaki ya koma kai kaya Ƙwanni, amma duk ran da yake gari, da la'asar yana zauren Yari yana zaginsa shi kaɗai, yana ba kansa amsa.

Da Ruƙayyatu ta gama wanka aka mai da ita Illela da 'yarta. Ta ce abin da ya fi yi mata wuya shi ne daka. Sai ta ɗaga taɓarya ta ji tana jiran wani abu, ta rasa inda za ta sa kunnenta. Ga shi dai abin da ta roƙa ta samu, mijinta ya bar rijiya har abada, yana zaune a zaure inda take ganinsa, ya fara koyon tufka don kada hannu ya zauna banza. Ta gode wa Allah, ta kuma yi kuka a bayan rumbu ba sau ɗaya ba.

Bayan an yi shuka, wata safiya, sai ga Malam Attahiru a ƙofar gidan, shi kaɗai da sandarsa, ya tako tun daga Amarawa. Bai taɓa zuwa gidan 'yarsa ba. Yari na ganinsa ya watsar da kaba zai durƙusa, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya hana shi, ya zauna a kan tabarma ɗaya da shi. Ruƙayyatu ta ɗebo ruwa a ƙwarya, da ta iso bakin zaure ta ji ubanta ya fara magana, sai ta tsaya daga ciki.

Ya ce, "Ɗana, akwai maganad da ta hana ni barci, na ce sai na zo na hwaɗa maka. Shekara da shekaru ina jin waƙarka daga nesa. Ran da kay yashe rijiyar unguwarmu, bayan danga nil laɓe ina dariya har da hawaye, don na san in kag gane ni shiru za ka yi. Da anka ce mani za ka shiga tawa, nic ce to yau dai zan ji ta kusa, in ji mi za ka ce ka samu cikin rijiyar Attahiru. Shi as sa nid ɗauko buzu. Ba aikinka nis zo dubi ba. Waƙa ni ka jira."

Yari ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ja numfashi, leɓensa ya motsa, ya tsaya, ya sake ja. Tsohon bai katse shi ba, ya jira har kalmomin suka iso ɗaya bayan ɗaya.

"Baba... ruwan... shina da daɗi?"

Malam Attahiru ya ce, "Shina da daɗi, ɗana." Sai ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza.

Ruƙayyatu ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta koma cikin gida, ba ta bari sun san ta ji ba.